Waƙoƙin da suka kwana a kwali: wa ya binne su, wa ya tono su?

Kawu Sabo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da nake so mu baje, kuma ina roƙon masu sani su sa baki. Matasa da yawa sun ɗauka duk waƙar da ba ta yi suna a zamaninta ba, rashin daɗi ne ya kashe ta. Ni ban yarda ba. A 1964 wata baƙar fata 'yar Amurka, Gloria Jones, ta rera "Tainted Love". Da aka buga faifan a 1965, a bayan faifai aka sa ta, gefen da gidajen rediyo ba su cika juyawa ba, kuma gaban da bayan duk ba su yi kasuwa ba. Shekara takwas faifan yana kwance. A 1973 wani mai saka faifai ɗan Ingila, Richard Searling, ya je Amurka ya tsinto kwafi ɗaya, ya kai shi gidajen rawa na arewacin Ingila, waƙar ta yi tashe. A 1981 ƙungiyar mawaƙan Ingila Soft Cell suka sake rera ta, ta hau matsayi na ɗaya a Ingila. Baitocin nan dai su ne, karin nan dai shi ne. To me ke binne waƙa mai kyau? Kuma idan aka tono ta bayan shekara ashirin ko arba'in, wa ke cin moriyar?

Abba Jita: Wa alaikumus salam Kawu. Sa'o'ina ma ko Soft Cell ba su sani ba. A waƙar Rihanna ta 2006, "SOS", suka fara jin wannan kiɗan, don daga na Soft Cell aka yanko shi. Sunan Gloria Jones kuwa sai wanda ya bi salsala.

Maman Iman: Kawu, ka taɓo inda nake zaune, don Manchester na cikin tushen abin. Northern Soul ake ce masa. Dave Godin ne ya raɗa sunan, wani mai shagon faifai a Landan da ke rubutu a mujallar Blues & Soul. Ya lura samarin da ke saukowa daga arewa kallon ƙwallo, idan sun biyo ta shagonsa, ba sa tambayar sabbin faya-fayai, tsofaffi masu saurin kiɗa suke nema.

'Ya'yan talakawa ne, masu aikin masaƙa da haƙar kwal da tsaron kanti. Su yi aiki mako guda, daren Asabar su kwana suna rawa. An fara da gidan rawa na Twisted Wheel a nan Manchester har aka rufe shi a 1971, sai Golden Torch a yankin Stoke, da Blackpool Mecca, sannan Wigan Casino daga 1973 zuwa 1981. A lokacin Amurkawa sun riga sun wuce wannan salon, sun koma fank. Su kuwa waɗannan yara suka kafe a kan sol irin na tsakiyar shekarun 1960, mai bugu irin na Motown, babban kamfanin faya-fayan baƙar fata na Detroit, amma ba wanda kowa ya sani ba.

Amsar tambayarka ta farko tana nan. A Detroit da Chicago da Philadelphia ƙananan kamfanoni barkatai sun yi ta bin sawun Motown. Su ɗauki mawaƙi mai murya, su buga kwafi kaɗan, ba kuɗin talla, ba hanyar kai kaya shagunan wasu birane, ba wanda zai shigar musu da faifan gidan rediyo. Kafin shekara kamfanin ya mutu, kayan su rage a ɗakin ajiya. Waɗannan ɗakunan ajiya ne 'yan Ingila suka riƙa bi suna kwasa a araha. Muryoyin da ke ciki ba su gaza na waɗanda suka yi suna da komai ba, gata ne ba su samu ba.

Kawu Sabo: Allah ya yi miki albarka 'yata. Ki ba su labarin Frank Wilson, shi ya fi ba ni tausayi.

Maman Iman: Shi nasa ma a cikin Motown ɗin ya faru. A 1965 ya rera "Do I Love You (Indeed I Do)", aka buga kwafin gwaji wajen 250. Sai maganar ta tsaya a kan zai zama mawaƙi ne ko mai tsara wa wasu waƙa. Berry Gordy, mai kamfanin, ya fi son sa a bayan fage, shi ma ya karɓi hakan, aka lalata faya-fayan. 'Yan ƙalilan ne suka tsira. A ƙarshen shekarun 1970 waƙar ta ɓulla a Wigan ta zama abin da ake jira a kowane dare. A 2009 an sayar da kwafi ɗaya a kan fam 25,742. Shi kuwa ya ci gaba da tsara wa Supremes da Four Tops waƙoƙi, daga baya ya koma wa'azi a coci, ya rasu a 2012.

Malam Lawan: Ina biye da ku, amma akwai ɓangaren da ba a faɗa ba, kuma shi ya fi damuna. Waƙar Frank Wilson ɗin nan, da ta fara yawo a Wigan, ba da sunansa aka saka ta ba. Eddie Foster aka liƙa mata. Al'adarsu ce: mai saka faifai ya rufe takardar tsakiyar faifan, ya ƙirƙiro sunan mawaƙi da na waƙa, don kada abokin hamayyarsa ya gano ya nemo nasa kwafin. Daga nan sai masu buga na jabu su shigo, su sayar da dubbai. Ku duba lamarin da kyau. Mutum baƙar fata a Detroit yana aikin leburanci, muryarsa tana tara jama'a dubu a wata ƙasa, bai sani ba, sunansa ma an goge. Ni ban ga yadda za a kira wannan ceto ba.

Sannan kada mu ƙawata wuraren fiye da kima. Kwana ana rawa har wayewar gari ba da ruwan sanyi kaɗai aka yi shi ba. Ƙwayoyin hana barci sun yi yawa, kuma matsin 'yan sanda a kan haka na cikin abin da ya rufe Twisted Wheel da Golden Torch.

Maman Iman: Maganar ƙwaya gaskiya ce Malam, su kansu waɗanda suka yi zamanin ba sa musun ta. Amma a ɗora wannan a ɗaya gefen sikelin: mawaƙa irin su Edwin Starr da Major Lance, da tauraronsu ya dusashe a gida, a nan suka sake samun masu sauraro. Major Lance har faifai ya ɗauka kai tsaye a Torch a 1972. Edwin Starr kuwa Ingila ya dawo da zama har ya rasu a 2003. Ba duka aka cuta ba.

Malam Lawan: Waɗanda suka riga suka yi suna kika kawo, Hajiya. Ni masu faifai ɗaya tak nake magana a kansu.

Lauya Zainab: Bari in shigo a nan, don tambayar Kawu ta biyu ta shari'a ce. Kowace waƙa da ke faifai haƙƙi biyu ke kanta. Akwai na wanda ya tsara baiti da kari, akwai na sautin da aka ɗauka, wanda galibi kamfani ke riƙe da shi. Idan wani ya sake rera waƙa da muryarsa da makaɗansa, mai tsarawa ake biya, ba wanda ya fara rerawa ba. "Tainted Love" Ed Cobb ne ya tsara ta, saboda haka kuɗin da ta tara daga 1981 hanyarsa suka bi, ba ta Gloria Jones ba. Kuma idan tsohon faifai ya canja hannu, ko a fam nawa aka sayar, mawaƙi ba shi da ko sisi a ciki, ciniki ne tsakanin mai saye da mai sayarwa. Inda mawaƙi ke iya samun wani abu shi ne idan an sake buga sautinsa na asali da lasisi, kuma ko a nan sai an duba takardar da ya sa wa hannu yana saurayi. Da yawansu kuɗin yini ɗaya aka ba su aka sallame su.

Ɗan Zango Kumasi: Salamu alaikum. Malam Lawan, rufe sunan faifai ba a Ingila aka fara shi ba, a Jamaika an riga su. A Kingston na shekarun 1950 masu manyan lasifiku irin su Coxsone Dodd da Duke Reid suna zuwa Amurka sayo faya-fayai, su kankare takardar tsakiya da wuƙa ko kwabo. Coxsone yana da wani kiɗa da jama'a suka sani da "Coxsone's Hop", alhali na Willis Jackson ne, "Later for Gator". Shekaru ya yi yana cin kasuwa da shi kafin Duke Reid ya gano asalinsa. Da irin waɗannan faya-fayan suka fara wuyar samu ne suka ce bari su ɗauki nasu a gida, kuma daga nan salon kiɗan da ake kira ska ya fito, daidai lokacin da ƙasar ke karɓar 'yanci a 1962.

Abin da nake so in nuna shi ne ska bai daɗe ba. Skatalites, waɗanda su ne ƙashin bayansa, an kafa su a 1964, suka watse a 1965. Zuwa 1966 an rage gudun kiɗan, daga nan aka gangara zuwa rege. Don Drummond, mai busa ƙahon da duk ake ji da shi, ya rasu a asibitin masu taɓin hankali a 1969. Da yawa daga cikin masu busan nan a Alpha Boys School suka koya, makarantar marayu da yaran da suka gagari iyaye, wadda mata masu hidimar coci ke riƙe da ita. Ba don abin da ya faru a Coventry a 1979 ba, da wuya ƙarni na gaba ya san su.

Abba Jita: Ga wanda bai taɓa kula ba, abin da ke bambanta ska shi ne jita da fiyano ba sa sauka tare da bugun, a tsakanin bugu da bugu suke faɗowa, gajere, a datse. Shi ya sa jiki ke ɗagawa sama idan ana ji. Yaya Ɗan Zango, ci gaba da na Coventry.

Ɗan Zango Kumasi: A 1979 Jerry Dammers ya kafa kamfanin 2 Tone a Coventry, tare da ƙungiyarsa The Specials, farare da baƙaƙe a haɗe, a lokacin da masu ƙin baƙi ke ta da hankali a titunan Ingila. Suka koma kan faya-fayan da iyayen abokansu 'yan Jamaika suka zo da su. Waƙarsu ta farko, "Gangsters", a kan "Al Capone" ta Prince Buster ta 1964 aka gina ta. Madness ma daga wata waƙarsa suka ɗauko sunansu, kuma "One Step Beyond" da suka yi suna da ita, a bayan faifan "Al Capone" ɗin take. Prince Buster ya musulunta bayan haɗuwarsa da Muhammad Ali, ya rasu a Miami a 2016.

Amma wanda na fi so in kawo wa Malam Lawan shi ne Rico Rodriguez. Shi ya busa ƙaho a waƙar Dandy Livingstone ta 1967 da ke yi wa samari 'yan daba nasiha. Da Specials za su sake ta a 1979, sai suka nemo shi, ya busa a sabuwar, ya shiga ƙungiyar ya yi ta yawo da su. Ga yadda ake tono waƙa tare da mai ita.

Malam Lawan: Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Da haka kowa ke yi, da ban buɗe baki ba.

Anti Laraba: Sannunku da hira. Kun zaga Amurka, kun zaga Jamaika, ni kuma zuciyata tana gida. Yaran yanzu idan aka ce musu an yi rok a Najeriya sai su yi ta kallon mutum. A 1973 'yan makarantar sakandare ne a St. Gregory's da ke Legas, Ofege, suka fitar da "Try and Love", kuma ba gidan da ke da garmaho da bai san shi ba. A shekarar ce BLO suka fitar da "Chapter One". Gabas kuwa bayan yaƙin basasa ƙungiyoyi suka yi ta tsiro, Funkees daga Aba, da Wings, da sauransu. Odion Iruoje a EMI shi ya ɗauki da yawansu. A Legas ɗin nan Paul McCartney ya zo ya ɗauki "Band on the Run" a 1973, Ginger Baker kuma ya kafa sitidiyonsa.

Mu ma a nan sama ba a bar mu ba. A Jos muna da Sahara All Stars. Elcados a Arewa suka tashi. Bala Miller yana Kaduna da ƙungiyarsa ta Pyramids, yana waƙa da Hausa a kan jita da ƙaho. Bongos Ikwue tun yana ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yake kiɗa, kuma duk wanda ya kalli "Cock Crow at Dawn" a talabijin ya san muryarsa. Yanzu ku tambayi yaro ɗan shekara ashirin a Jos ko Kaduna waɗannan sunaye.

Abba Jita: Anti, ni ta hannun kamfanonin waje na san su, kuma abin yana ci mini rai. "Ikon Allah" ta Bala Miller da "Enjoy Yourself" ta Sahara All Stars suna cikin tarin "Nigeria 70" da Strut ta Landan ta fitar a 2001. Elcados suna cikin "Nigeria Rock Special" na Soundway, 2008. A 2016 Now-Again ta Amurka ta fitar da "Wake Up You!" da dogon bayani daga Uchenna Ikonne, shi dai ɗan Najeriya ne. Ina Kano, amma sai da faifai ya je Landan ya dawo na ji abin da aka kaɗa a Kaduna.

Kawu Sabo: Ɗana, bari in gaya maka yadda aka yi suka ɓace, don a gabanmu aka yi. Na farko, kayan kiɗa. Yawancin ƙungiyoyin nan ba su mallaki jita da ganga da lasifikar da suke amfani da su ba, na mai otal ne ko na wani attajiri. Ranar da aka ɓata, ranar ƙungiya ta mutu. Na biyu, disko ya shigo, mai otal ya ga mutum ɗaya da faya-fayai ya fi masa araha a kan mutum takwas. Na uku, kaset. Da zarar faifai ya fito, washegari an kwafe shi ana sayarwa a tasha, kamfani bai ga kuɗinsa ba balle mawaƙi. Sai tattalin arziki ya karye, tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986, Naira ta faɗi, shigo da kayan buga faifai ya gagara. Kamfanonin Turawa suka tattara: EMI ta koma Ivory Music, PolyGram ta koma Premier. Makaɗan wasu suka shiga coci, wasu suka fita waje, wasu suka kama wata sana'a.

Sauran laifin kuma namu ne na cikin gida. Da garmaho ya lalace ba allura, sai aka tura faya-fayan ƙarƙashin gado, daga nan zuwa zaure, daga nan yara su yi wasa da su ko a ba 'yan gwangwan. Faifai kamar hatsi ne a rumbu, in ba a leƙawa, sai ranar buƙata a tarar gara ta gama da shi.

Anti Laraba: Ba gidaje kaɗai ba Yaya. Akwai gidan rediyon da wani ɗan'uwana ya yi aiki, ba zan faɗi suna ba. Da aka koma CD, ɗakin faya-fayan aka buƙata don ofis, aka fito da su aka jibge a baranda, damina ta sauka a kansu. Faya-fayan da muka yi ta aika kati ana saka mana a shirin zaɓe ke nan. Ranar da ya gaya mini sai da na yi hawaye.

Malam Lawan: To kun ga inda maganata ta dosa. Bature ya zo da dala, ya bi kasuwanni da gidaje ya kwashe abin da ya rage a kuɗin da bai kai na cefane ba. Ya kai can ya wanke, ya buga, ya sa hoto mai kyau, ya sayar. Kwafin asali kuma ya shiga gwanjon intanet a farashin da ɗan mai waƙar ba zai iya saye ba. A ƙarshe su ne masu faifan, su ne masu ba da labarin, su ne masu cewa wannan ta cancanta wannan ba ta cancanta ba. Kuma kunnensu suke bi. Abin da ya yi kama da James Brown ko Jimi Hendrix shi suke ɗauka. Waƙar da iyayenmu suka fi so, mai sanyi, ta soyayya, ba ta shiga tarinsu.

Abba Jita: Malam, da girmamawa, faifan da ya kwasa ɗin a ina ya same shi? A baranda, cikin ruwa, kamar yadda Anti ta faɗa. Da bai zo ba, da yanzu babu shi gaba ɗaya. Ni na fi son in ji Elcados ta hannun baƙo a kan kada in ji su har abada. Kuma wa ya hana attajiranmu yin abin da Soundway ta yi? Kuɗin da ake kashewa a biki ɗaya ya isa a buga tari guda.

Malam Lawan: Ba wanda ya hana su, kuma ban wanke mu ba. Amma sakacin mai gida ba ya halatta wa baƙo komai. Abin da nake tambaya kullum shi ne: an nemi mai waƙar ko magadansa? An biya? An rubuta sunayen makaɗan daidai?

Lauya Zainab: Amsar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, shi ya sa ba na son a yi musu kuɗin goro. Akwai masu bin mawaƙi har gida. Mutanen kamfanin Luaka Bop na Amurka sun daɗe suna lallashin William Onyeabor a Enugu kafin ya amince aka fitar da tarinsa a 2013, kuma har ya rasu a 2017 bai yarda ya hau dandamali ba, aka bar shi a kan ra'ayinsa. Akwai kuma masu buga na jabu ba su tambayi kowa ba. Matsalar da ke tsakiya ita ce ta takardu: kamfanin asali ya mutu ko an sayar da shi sau biyu, tef ɗin asali ya ɓace, ƙungiyar mutum shida ce huɗu sun rasu. Ko mai niyyar biya sai ya sha wuya kafin ya san wa zai biya. Shawarata ga duk wanda mahaifinsa ya yi kiɗa: ku adana kowace takarda, ko rasit ne, ko hoton bangon faifai. Da su ake kafa hujja.

Issa Damagaram: Gaisuwa ga manya. Ni kalmar "an manta" ce nake so a yi hattara da ita. A wajenmu akwai Mamman Sani. A 1978 ya ɗauki kiɗansa na ogan a gidan rediyon ƙasa a Yamai, kaset ɗin kwafi kaɗan ƙwarai aka yi. Christopher Kirkley na Sahel Sounds ya ci karo da shi a ma'ajiyar gidan tarihi, ya fitar da shi a 2013, duniya ta ce an gano wani ɓoyayyen gwani. Alhali mu shekara da shekaru muna jin kiɗan nan a rediyo da talabijin tsakanin shiri da shiri. Kunnenmu ya san shi sarai, sunan mai shi ne da yawa ba su riƙe ba. Abin da ya ƙaru shi ne sunansa ya fito, ya je Turai ya yi wasa da ransa da lafiyarsa. Wannan alheri ne, ban raina ba. Amma a ce ba a san shi ba, wa ne ne bai san shi ba?

Maman Iman: Malam Issa, abin da ya faru da mawaƙi Sixto Rodriguez na Detroit ke nan, ta wata fuskar. Faya-fayansa biyu, "Cold Fact" na 1970 da na 1971, ba su yi komai a Amurka ba, ya koma aikin gini da rushe gidaje. A Afirka ta Kudu kuwa, zamanin wariyar launin fata, yana cikin waɗanda aka fi saurare, har ana yaɗa cewa ya mutu. Masoyansa biyu suka bi diddigi suka same shi da rai, ya je ya yi wasa a Cape Town a 1998. Fim ɗin da aka yi a kansa ya ci Oscar a 2013. Sai dai fim ɗin bai ambaci cewa ya je Ostireliya ya yi wasanni a 1979 da 1981 ba, don can ma an san shi. Labarin wanda duniya duka ta manta ya fi daɗin sayarwa. Tambayar da ta fi muhimmanci, ina kuɗin faya-fayan da aka sayar a Afirka ta Kudu suka shiga, ita ce ta kai ga kotu daga baya.

Ɗan Zango Kumasi: Zambiya ma a sa ta a lissafi, don nasu ya fi namu ciwo. Shugaba Kenneth Kaunda ya ba da umarni kusan duk abin da rediyo zai saka ya zama na gida, rok ɗinsu ya bunƙasa, WITCH da Amanaz da Ngozi Family. Sai farashin tagulla ya faɗi, sai cutar ƙanjamau ta ɗauke makaɗa da yawa. Jagari Chanda, mawaƙin WITCH, haƙar duwatsu masu daraja ya koma yi. Bayan Now-Again ta sake buga faya-fayansu ya dawo dandamali, har suka fitar da sabon faifai, "Zango", a 2023. Mu a Gana manyanmu har gobe suna ba da labarin Soul to Soul, wasan da aka yi a Accra ranar 6 ga Maris 1971, da Wilson Pickett da Ike da Tina Turner da Santana. An ɗauki wannan a fim shi ya sa ya rayu. Ƙungiyoyin gida da suka tashi saboda abin da suka gani a daren, da yawansu ko hoto babu.

Malam Lawan: Na ji misalan Jagari da Mamman Sani, kuma na yi murna da su. Matsayina bai canja ba a kan sauran. Duk tarin da zan saya, sai na duba ko an rubuta daga wa aka karɓi lasisi. In babu, ba na saye.

Abba Jita: Wannan sharaɗin ni ma na ɗauka. Amma ina so mu wuce magana. Ina da na'urar juya faifai mai shiga kwamfuta, da dek na kaset. Duk mai tsofaffin kaya a Kano ko Kaduna ko Jos, zan zo in kwafa a gabansa, in bar masa abinsa da kwafi ɗaya. Ba zan ɗora komai a intanet ba sai an san mai haƙƙi.

Anti Laraba: Akwai kwali biyu a ɗakin marigayi mijina, ƙanana masu gudun 45 sun fi yawa, da wasu manya masu nauyi na mahaifinsa. Sun yi ƙura sosai. Da me zan goge su kafin ka zo?

Kawu Sabo: Laraba, kada ki sa musu sifirit ko kananzir ko fetur. Masu nauyin nan masu gudun 78 ne, ba roba ba ce, sifirit narkar da su yake yi, kuma suna fashewa in sun faɗi. Ƙyalle mai laushi marar gashi ya isa, ki bi da'irar layin, kada ki goga a gicciye. Ki riƙe su ta gefe. Ki jera su a tsaye, kada ki ɗora wani kan wani, kuma ki nisanta su da rana da jikin bango mai danshi. Bangon kwalin ma kada ki yar ko ya yage, a nan sunayen makaɗa da shekara suke. Masu gudun 78 allurarsu daban ce, Abba, ka tabbata kana da ita kafin ka taso.

Lauya Zainab: Anti, ki ɗauki hoton takardar tsakiyar kowanne, gaba da baya, yadda lambar faifan da sunan kamfani za su fito. Ki turo mini, zan jera su a takarda ɗaya mu ga waɗanda za a iya neman magadansu.

Abba Jita: Allurar 78 ba ni da ita tukuna, zan yi oda. Anti, in akwai kaset a cikin kwalayen ki ware mini su gefe, da su zan fara, don tef ya fi faifai saurin lalacewa. Zan shigo Jos Asabar ta sama in Allah ya yarda.